Catnin Kan Iyaka

Daren jiya guguwa ta ratso Malda,
ta kama bishiyar mangwaron nan ta jijjiga
kamar mai bin bashi ya ci kwalar riga.
Da gari ya waye ɗanyu duk sun zube,
kore shar, da tauri kamar duwatsun rafi,
rabi a tsakar gidanmu,
rabi a bayan shingen Baffa Haradan.

Shekara huɗu ke nan da aka ja igiya
aka raba filin kakanmu,
igiyar ta bi ta tsakiyar kututture.
Tun ranar babana bai ce masa ina kwana ba.
Shi ma in ya hango babana sai ya ɗaga kai
kamar mai lissafin hadari.

Na tsince namu a haɓar zane,
talatin da bakwai, biyu sun fashe.
Inna ta take katakon wuƙar ƙasa,
mai tsayuwa a lanƙwashe kamar lauje,
tana tura mangwaro kan kaifi da hannu biyu.
Ƙwallon bai ƙosa ba, fari ne, farce ma na huda shi.
Ƙaro ya baƙanta mata yatsu.

Man mastad ya yi hayaƙi a kasko.
Ta jefa busasshen barkono biyu,
hulba, habbatussauda,
suka hau tsalle da surutu
kamar yaran da aka tasa daga makaranta.
Atishawa ta kama kowa, har akuya.
Mangwaro ya shiga. Gishiri.
Kurkur a bakin cokali, da cittar da na daka.
Sai Inna ta buɗe gwangwanin mazarƙwaila
ta tarar tururuwa sun riga mu.

Kasko kuwa ba ya jiran kowa.
Hanyar kasuwa itace ya faɗi ya tare.

Ta shinge aka yi gyaran murya.
Jarna ce, matar Baffa.
Hannunta kaɗai ya ratso tsakanin gora,
da awarwaro fari da ja,
da curin mazarƙwaila a ganyen ayaba.
Hanci ne ya gaya mini, in ji ta,
ni kuma mai ne ya yanke mini.
Sai ga kwando ta sama,
nasu ashirin da tara.

Inna ba ta shawarci kowa ba.
Ta sake zama, ta yanka,
ta juye nasu a kan namu.

Daga nan aikin haƙuri ne.
A rage wuta, a zauna, a dinga juyawa.
Kore ya koma rawaya,
rawaya ta koma launin kogin Mahananda da damina.
Yana tafasa yana ɓul, ɓul,
ya ɗiso mini a wuyan hannu, tabon na nan.
Zabibi tafi ɗaya daga ƙarshe.
Inna ta ɗiga a faranti, ta karkata shi,
ɗigon ya yi tafiyar tsohuwa, ya tsaya.
Ya yi, in ji ta.

Kwalba shida. Uku sun haura shinge da zafinsu.

Da rana, bayan shinkafa da kifi,
babana ya lakato da yatsa.
Tsami ya fara zuwa, ya runtse ido,
zaƙi ya biyo baya, yaji ya tsaya a maƙogwaro.
Ya dubi kwalaben, ya dubi kwandon da ba namu ba.
Wannan na wane ɓangare ne?
Inna tana kwashe kwanuka ta ce,
Ga cokali, ware naka.

Bai ce komai ba. Ya miƙo faranti.

Har yau dai ba su gaisa ba.
Amma ranar Laraba na ga kwalba a kan shinge,
an wanke ta tas, an kife,
ba a sa mata murfi ba.